Talotalon Daji da Tarihin Farautar Ƙarshen Bazara a Amurka

Duk wanda ya tashi a zango ya san talotalo. Shi ne tsuntsun nan da ke taƙama a tsakar gidan mai hali, ya buɗe wutsiya kamar mafici, ya ja fukafukai a ƙasa, yara su yi masa fito ya amsa musu. Idan Kirsimeti ta gabato sai kuɗinsa ya hau a kasuwa, maƙwabtanmu su yi ta ciniki. Mun saba ganinsa a matsayin kaza mai girman jiki da ƙarancin wayo, har ba ma kawo wa ranmu cewa yana da wani asali da ya wuce akurki. Alhali kuwa yana da ɗan'uwa a dawa, can a Amurka ta Arewa, wanda maharban ƙasar ke lissafawa cikin mafi wuyar abin farauta. Wancan a kan itace yake kwana. Idan ya tashi sama yakan yi gudun da ya kai kilomita 80 a awa a gajeren zango, idonsa kuma yana kama motsin hannu tun daga nesa. Shekara ɗari da suka wuce, saura ƙiris ya ƙare a ƙasar.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu daidaita magana a kan lokaci, don bazarar can ba irin tamu ba ce. Tamu zafi ce da jiran hadari. Tasu kuwa ita ce lokacin da hunturu ya janye, dusar ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho, wato daga Maris zuwa ƙarshen Mayu. A cikin waɗannan watanni ne talotalon daji ke barbara, a cikinsu ne kuma hukuma ke buɗe farautarsa. A kudancin jihar Florida ana farawa tun farkon Maris. A New York watan Mayu ne daga ɗaya ga wata zuwa ƙarshensa. A Maine, can arewa, ana kaiwa har kwanakin farko na Yuni.

A makon ƙarshe na Mayu, mutum zai bar motarsa a bakin daji tun kafin asuba, ya shiga da ƙafa cikin duhu ba tare da fitila ba. Zai tsaya ya kwaikwayi kukan mujiya, don toron talotalo yana da wata ɗabi'a: in ya ji ƙara mai ƙarfi ba zato, sai ya amsa da nasa kukan daga kan reshen da ya kwana, ya tona wa kansa asiri. Daga nan maharbin zai matsa kusa gwargwadon yadda zai iya, ya jingina da gindin itace mai kauri, ya ɗora bindiga a gwiwa, ya fara kukan mace a hankali. Ba kare, ba ganga, ba ƙona daji, ba taron jama'a. Mutum ɗaya ne da sauro da kaska, yana zaune awa uku ko huɗu ba ya ko sosa hanci, kuma sau da yawa haka zai koma gida hannu rabbana. Wannan zama da ake gani kamar al'ada ce ta kaka da kakanni, a mafi yawan jihohin Amurka bai wuce shekara sittin da 'yan kai ba. Yadda aka zo gare shi, shi ne labarinmu.

Tsuntsun ɗan asalin nahiyar ne. Mutanen da ke ƙasar Meziko ta yau su suka fara mayar da shi na gida, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Da Sifaniyawa suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 16, sai suka ɗauke shi zuwa Turai, ya bazu cikin gaggawa, har a 1550 wani Bature ɗan Ingila mai suna William Strickland ya sa hotonsa a tambarin gidansu. Duk talotalon da ke yawo a gidajenmu a yau, jikan waɗancan na Meziko ne.

A nan akwai wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Bayanin da ya fi yaɗuwa game da sunansa na Ingilishi shi ne, Turawan Ingila sun riga sun san zabuwarmu ta Afirka, wadda ke isa gare su ta hannun fataken da ke hulɗa da ƙasashen Turkawa, suna kiranta kazar Turkiyya. Da baƙon tsuntsu ya zo daga Amurka, shi ma da kai marar gashi, sai suka haɗa su suna ɗaya, daga baya sunan ya liƙe wa baƙon. Ruɗanin bai tsaya a kasuwa ba. A 1758 masanin nan Linnaeus, da ya zo raɗa wa halittu sunayen kimiyya, ya ɗauki Meleagris, sunan da Girkawan dā ke kiran zabuwa da shi, ya ba talotalo. Masu jin Faransanci a cikinmu sun san sunansa a can yana nufin na Indiya. Turkawa ma Indiya suka jingina shi gare ta, Larabawa suka ce zakaran Rum, mutanen Fotugal suka ce na Peru. Kowa ya tura shi ƙasar da ba tasa ba. Bahaushe da Bayarabe dai ba su shiga wannan rigima ba, kukansa suka saurara suka kira shi da shi.

Wancan na gida ke nan. Na daji kuwa yana nan a inda yake, daga dazuzzukan gabas har zuwa duwatsun kudu maso yamma, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne sun kai miliyan 10 kafin zuwan Turawa. 'Yan asalin ƙasar suna cin namansa, suna saƙa mayafi da gashinsa, suna gyara kibau da fukafukansa. Su ne kuma suka fara kiransa da dabara: a wani tsohon mazauni da ake kira Eva a jihar Tennessee, masu tonon tarihi sun sami ƙasusuwan fiffike da aka gyara don tsotsa su ba da kukan mace, masu shekaru dubbai. Har yau akwai maharban da ke amfani da irin wannan ƙashi.

Turawan da suka sauka a Plymouth sun tarar da tsuntsun da yawa, gwamnansu William Bradford ya ambace shi cikin abin da suka samu a kakar 1621. Benjamin Franklin, a wata wasiƙa da ya rubuta wa 'yarsa a 1784, ya fifita shi a kan gaggafar da aka sa a tambarin ƙasa. Daga wannan wasiƙa ce aka ƙirƙiro labarin wai ya nemi a mai da talotalo tsuntsun ƙasa, abin da bai taɓa gabatarwa a hukumance ba. Shi kuma mai zanen tsuntsaye John James Audubon, da ya fara fitar da babban kundinsa a 1827, toron talotalo ya sa a shafin farko. Yabo dai tsuntsun ya sha shi. Amma yabo bai hana gatari da bindiga aikinsu ba.

Gatari ne ya fi ɓarna. Manoma sun sare dazuzzukan gabas don gona da katako da gawayi, har a tsakiyar ƙarni na 19 mafi yawan ƙasar kudancin New England ta zama fili. Abin da ya rage na tsuntsu kuma sai 'yan kasuwa suka bi shi, babu doka, babu lokaci, babu iyaka. Sukan bi garke zuwa itacen da yake kwana su harbe shi a farin wata. Sukan gina keji da gungume, su haƙa rami ta ƙarƙashinsa, su zuba masara a jere. Tsuntsaye su bi tsaba kai a sunkuye har su shige, in sun ƙoshi sun ɗaga kai sai su yi ta neman mafita ta sama, ba sa tuna ramin da suka biyo. Haka ake kwashe garke sukutum, a loda a keken doki, daga baya a jirgin ƙasa, zuwa kasuwannin birane. A jihar Connecticut an daina ganinsa tun 1813. A Massachusetts na ƙarshe da aka sani an kashe shi a 1851. Zuwa 1920, jihohi 18 cikin 39 da ke da shi tun asali sun rasa shi, lardin Ontario na Kanada ma haka. Kamar wannan bai isa ba, sai wata cuta da aka fara lura da ita a New York a 1904 ta faɗa wa wani babban itace da suke kira chestnut, wanda 'ya'yansa ke ciyar da namun daji a kaka, ta kashe biliyoyinsa cikin shekara hamsin. A shekarun 1930 adadin ya kai ƙasa. Waɗansu na cewa dubu 30 suka rage, waɗansu masanan na ganin sun kusa dubu 200. Ko wanne aka ɗauka, abin da ya saura yana maƙale ne a fadamun kudu masu wuyar shiga da tsaunukan da garma ba ta hau ba.

Abu biyu suka fara juya lamarin, kuma ɗaya daga cikinsu ba da niyya aka yi shi ba. Talaucin da ya auka wa Amurka bayan 1929 ya kori dubban ƙananan manoma daga gonakin tudu marasa albarka, gonakin suka koma daji, gwamnati kuma ta sayi da yawa ta mai da su gandun daji a ƙarƙashin wata doka ta 1911. Wahalar mutane ta zama hutun tsuntsu. Na biyu kuwa da gangan ne. A 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunan Sanata Key Pittman da ɗan majalisa Willis Robertson. Dokar ta ce harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda ya tsaya a kashi 11 cikin ɗari, a raba wa jihohi don kula da namun daji. Tarayya ta biya kashi uku cikin huɗu na kowane aiki, jiha ta cika ragowar. Hikimar dokar tana cikin sharaɗi guda: jihar da ke son kuɗin dole ta haramta karkatar da kuɗin lasisin maharba zuwa wani aiki dabam. Wanda ya san yadda kuɗin hukuma ke ɓacewa tsakanin ofis da ofis, ya san nauyin wannan sharaɗi.

Kuɗi ya samu, daji ya fara dawowa, sai aka rasa tsuntsun da za a zuba a ciki. A nan ne aka tafka kuskuren da ya ci shekaru kusan talatin, kuma a ganina shi ne sashen da ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Tunanin ya yi kama da mai hankali. Tunda ana iya ƙyanƙyashe kaji dubu a gona, me zai hana a yi wa talotalo haka? A samo ƙwai na daji, ko a haɗa matan gida da toron daji, a raini 'ya'yan a keji, in sun girma a sake su. Jihohi da dama suka buɗe gonakin kiwo, Pennsylvania na kan gaba. Aka saki tsuntsaye sama da dubu 300 a wurare kusan 800, kuma da aka zo lissafi daga baya, kusan dukkan wuraren ba su haifar da garke ko ɗaya mai ɗorewa ba. Tsuntsun da ya tashi a keji yakan tsaya yana kallon dila har ta iso. Bai san ya hau itace da magariba ba. Macen ba ta san inda ake ɓoye gurbi ba, in ma ta ƙyanƙyashe ba ta san yadda za ta yi wa 'ya'yanta gargaɗin shaho ba. Waɗansu suka bi hanya suka koma gidajen manoma suna kiwo da kaji. Mafi muni, sukan kai cututtukan keji cikin 'yan tsirarun na daji da suka rage.

Tun a 1944 wani matashin masani, Starker Leopold, ya wallafa binciken da ya yi a Missouri, inda ya nuna cewa tsoro da zafin nama na talotalon daji abin gado ne, kuma na ruwa biyu ba su da shi cikakke. A keji kuwa, tsuntsun da ya fi jin tsoro shi ne ke fara mutuwa, ya ƙi ci, ya yi ta dukan waya har ya ji rauni. Wanda ya saki jiki shi ke rayuwa ya hayayyafa. Wato keji da kansa yana tace ainihin halin da ake nema yana zubarwa. Ragowar kuma abin koyo ne daga uwa, a makonnin farko na rayuwa. Mu da muka saba sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe, mun san wani gefe na wannan magana: 'yan zabin sukan bi kazar, amma rana ɗaya halinsu na dawa yakan motsa. Hali zanen dutse ne, in ji Bahaushe. Abin da Amurkawa suka gano da tsada shi ne, in an goge zanen, kuɗi ba ya mayar da shi. Duk da haka hukumomi suka ci gaba da kiwon keji shekara da shekaru, don sakin tsuntsu dubu a gaban 'yan jarida ya fi daɗin faɗi a majalisa a kan sakin goma sha biyar a asirce.

Mafita ita ce a kama na daji na ainihi a kai su wani dajin. Matsalar ita ce kamun. Waɗanda suka tsira daga ƙarni biyu na tarko ba sa shiga keji don masara. Sai a 1948 wasu ma'aikata biyu a wani wurin kare tsuntsaye na Swan Lake a Missouri, Herbert Dill da Howard Thornsberry, suka ƙera wata dabara don kama dinyar daji: a naɗe babbar raga a ƙasa a rufe ta da ciyawa, a ɗaura bakinta da ƙarafa masu nauyi da ke cikin ƙananan igwa, a zuba tsaba a gaba. In tsuntsaye sun taru, mutum daga maɓoyarsa ya tayar da albarushi, raga ta tashi ta rufe su kafin su buɗe fiffike. A 1951 Herman Holbrook ya gwada wannan a kan talotalo a gandun dajin Francis Marion da ke South Carolina, ya yi nasara. Daga wannan rana tarihin tsuntsun ya sake hanya.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar adadin da ake bukata. Vermont ta karɓo 31 daga New York a 1969 da 1970. Massachusetts ta karɓo 37 a 1972 da 1973 ta sake su a tsaunukan yammacin jihar, yau tana da sama da dubu 30, har sun shiga unguwannin gefen Boston suna tare hanya suna korar masu raba wasiƙa. Su kansu na New York ɗin, kakanninsu da ƙafa suka tsallako daga Pennsylvania a ƙarshen shekarun 1940. Jihohi suka shiga musaya irin ta kasuwar ƙauye, ba kuɗi a tsakani. Ontario, da ta fara mayar da tsuntsun a 1984, ta ba Missouri karnukan ruwa, ta ba Michigan wata ƙatuwar dabba dangin barewa da suke kira mus, ita kuma ta karɓi talotalo. A 1973 aka kafa ƙungiyar maharba ta National Wild Turkey Federation, lokacin ana ƙiyasin tsuntsun miliyan 1.3. Ƙungiyar ta riƙa tara kuɗi tana samar da akwatunan jigila. A farkon shekarun 2000 adadin ya kusa miliyan 7, kuma ana samunsa a kowace jiha ban da Alaska, har da wuraren da ba a taɓa saninsa ba a dā.

To, ina bazara ta shigo? A dā, a yawancin ƙasar, farautar talotalo ta kaka ce. A tarwatsa garke, wani lokaci da kare, a zauna a kwaikwayi kukan ɗan da ya ɓata, a harbi duk wanda ya zo, mace ko namiji. Kiran toro a lokacin barbara al'adar kudu ce, irin su Alabama da maƙwabtanta, kuma maharban arewa da yawa suna ganin abin kunya ne a yaudari tsuntsun da sha'awa ta rufe wa ido. Masana ne suka kawo hujjar da ta sauya ra'ayi. Toro ɗaya yana barbarar mata da yawa, kuma daga nan ya gama nasa: ba ya gina gurbi, ba ya kwanci, ba ya reno. Macen takan yi ƙwai 10 zuwa 12 cikin kusan mako biyu a wani ɗan gurbi a ƙasa, ta kwanta a kansu kwana 28 ita kaɗai. Saboda haka in an jira har barbara ta wuce, aka ɗauki wasu daga cikin mazan, ƙyanƙyasar shekarar ba za ta ragu ba. Kashe mace ɗaya a kaka kuwa, kashe garken baɗi ne. A kan wannan aka gina dokar da ta ce a bazara ba a harbi sai mai gemu, wato tuntun gashi mai kauri da ke fitowa a ƙirjin namiji.

Missouri, wadda a farkon shekarun 1950 ba ta da tsuntsu 2,500 cikakku, ta buɗe farautar bazara a 1960, ta kwana uku, aka kashe 94. A 2004 abin da aka kashe a jihar a bazara ɗaya ya haura dubu 60. Pennsylvania ta bi sahu a 1968, Ontario a 1987, kuma zuwa 1991 jihohi 49 suna da lokacin bazara. Ra'ayin rufe farauta don haihuwar namun daji ba baƙo ba ne gare mu. A Ghana dokar 1971 ta rufe farautar yawancin namun daji daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba a kan wannan dalili. Abin da Amurkawa suka yi dabam shi ne, sun buɗe ƙofa a tsakiyar lokacin haihuwar, amma ƙunƙuntar ƙofa, ta namiji kaɗai, kuma suka ɗora dukkan amincin tsarin a kan kwanan wata.

Wannan ne ya sa makonnin ƙarshe suka zama na musamman. A al'adar tsuntsun, toro ne ke tsayawa ya yi kuka ya baje wutsiya, mace ta zo gare shi. Maharbi yana neman ya juya wannan, ya sa namiji ya taka zuwa wurin macen da ba ya gani. A farkon lokaci, toro yana kewaye da mata na gaske, sai ya amsa kira daga nesa ya ci gaba da harkarsa. A ƙarshen lokaci kuwa matan sun kwanta a gurbi, an bar shi shi kaɗai yana yawo, kuma a nan ne damar take. Sai dai wanda ya kai wannan mako da ransa ya riga ya ji kowane irin kira. Ya ji na akwatin katako mai murfi, irin wanda Henry Gibson na Arkansas ya yi wa rajista a 1897. Ya ji na allon dutse da ake gogawa da tsinke, ya ji na 'yar robar da ake sawa a dasashi. Wataƙila ma an taɓa harbinsa an kuskure. Sai ya rage kuka, ya zo shiru ta bayan mutum, ko ya tsaya a nesan da harsashi ba ya kaiwa, ya yi ta kai da komo yana jiran macen ta fito. Bindigar da ake amfani da ita mai watsa ƙananan ƙwayoyi ce, ba ta da tabbas in an wuce taku arba'in.

Dajin ma ya sauya. Ganye ya cika, ciyawa ta kai gwiwa, sauti ba ya tafiya kamar a Afrilu, don haka kukan da aka ji kamar daga nesa, mai shi yana iya kasancewa a bayan kurmin da ke gabanka. Tsofaffin maharba sukan rage kira a wannan lokaci. Su yi ɗan ƙaramin sauti sau ɗaya, su karce busasshen ganye da hannu kamar mace na tono, sannan su yi shiru rabin awa. Sun kuma san cewa hantsi ya fi asuba, don a lokacin ne 'yar macen da ta rage take sulalewa zuwa gurbinta ta bar toron. Waɗansu matasa sun ɓullo da wata hanya, su riƙe buɗaɗɗiyar wutsiyar toro a gaban fuska su yi rarrafe zuwa wurin tsuntsun, shi kuma ya taso faɗa da wanda ya ɗauka kishiya ne. Duk wanda ya taɓa ganin maharbinmu ya ɗaura kan burtu a goshi yana sanɗa, zai gane dabarar nan take. Jihohi da dama sun hana ta ko sun taƙaita ta, don a dajin da ke cike da masu bindiga, mai kama da tsuntsu yana wasa da ransa. Saboda wannan dalili ne ma ake gargaɗin maharba kada su sa ja ko fari ko shuɗi, launukan kan toro ke nan, kuma su ne launukan tutar ƙasar.

Macen da ke kwance ita ce abin da doka ke karewa ko da ba a ambace ta ba. In mai yawo a daji ya tashe ta daga gurbi, musamman a kwanakin farko, tana iya barin ƙwan gaba ɗaya. Shi ya sa New York ke rufe farauta da tsakar rana kullum, Pennsylvania kuma take yin haka a rabin farko na lokacinta, sai a rabi na biyu ta bar maharba su wuni.

Da labarin ya tsaya a 2004, da sai a ce an gama. Amma tun daga tsakiyar shekarun 2000 adadin ya fara sauka a kudu maso gabas da tsakiyar ƙasar, a wasu jihohin kamar Arkansas saukar ta yi tsanani. Ma'aunin da masana ke dubawa shi ne yawan 'ya'yan da ake gani tare da kowace mace a ƙarshen renon shekara. Ana son ya kai biyu don garke ya tsaya a inda yake, a wurare da yawa kuma ya gaza haka. Dalilan da ake ambata suna da yawa. Dajin da ya dawo ya tsufa ya rufe sama, babu ciyawa da ƙwarin da tsaki ke ci a ƙasa. An daina sa wutar da ke buɗe shi. Kuɗin fatar namun daji ya faɗi, masu ɗana tarko suka ragu, ɓarayin ƙwai irin su rakun suka yawaita. Ga kuma ruwan sama mai sanyi da kan kashe tsaki kafin ya yi mako biyu, lokacin da yake fara iya tashi ya hau reshe.

Sai kuma tambayar da ta fi ɗaci ga maharba, ta kwanan wata. Da tsuntsu ya yi yawa, jihohin kudu sun riƙa matso da ranar buɗewa gaba, don mutane sun fi son lokacin da kuka ya fi yawa. Michael Chamberlain na Jami'ar Georgia da abokan aikinsa suka yi nuni da cewa mazan ba daidai suke ba. Akwai babba da mata suka zaɓa, shi ne kuma ya fi kuka, shi ne ya fi saurin zuwa kira. In an ɗauke shi kafin a gama barbara, ana iya jinkirta ƙwan garke duka. Georgia ta matsar da ranar buɗewa baya a 2022, ta rage abin da mutum ɗaya zai iya kashewa daga uku zuwa biyu. Alabama ta rage daga biyar zuwa huɗu. Tennessee ta jinkirta da mako biyu a 2023, Kansas kuma ta dakatar da farautar kaka a shekarar. Maharba suka rabu, waɗansu na cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya, waɗansu na cewa an ɗora musu laifin rakun da masu saran daji. Masu ƙorafin ma ba su rasa madogara ba, domin binciken da Jami'ar Tennessee ta yi a wasu gundumomin da aka fara gwada jinkirin bai ga wani ƙarin ƙyanƙyasa a fili ba.

Muhawarar tana nan ba a rufe ta ba, amma a aikace kalandar kudu ta matsa baya, kuma maharba da yawa da suka saba da dajin Maris marar ganye yanzu suna koyon zaman Mayu, da zafinsa da macizansa da toron da ba ya amsawa. A New York, ranar 31 ga Mayu da ƙarfe goma sha biyu na rana ake sauke bindiga. A daidai waɗannan kwanaki ne ƙwan farko ke fashewa a gindin kurmi, kuma kafin kwana ɗaya ya cika uwar ta tashi da 'ya'yanta sun bar gurbin, sun nufi bakin fili inda fara da tsutsa suke.